Ludayi Ashirin na Gwaggo

Akwai abin da ke cin raina tun bazarar da ta wuce, na juya shi na juya har na gaji, ban gano kansa ba. Na kai maganar bakin masallaci wurin abokan zamana, kowa ya ba ni amsar da ta yi daidai da ciwon da ke damunsa. Mai ciwon gwiwa ya ce yaran yanzu ragwaye ne. Wanda 'ya'yansa ke zaune ba aiki ya ce talauci ne. Liman ya girgiza kai ya ce zamani ne ya zo ƙarshe, shi kuwa tun ina da baƙin gashi yake faɗin haka. Ni dai ban gamsu da ko ɗaya ba, domin a gabana aka yi abin, kuma da hannuna a ciki dumu-dumu. Unguwarmu ta cika ta batse, mutum ba ya iya wuce lungu bai goga kafaɗa da wani ba, amma sai da muka kusa rasa hannun da zai yaɓe bango ɗaya na tsohuwa ɗaya.

A da, nan wajen Ƙofar Guga inda aka yanke mini cibiya, ba a sanar da zuwan damina da baki. Kukan jakuna ne ke faɗa maka. Da zafi ya kai inda barci ba ya yiwuwa a ɗaki, sai ka fara jin su tun da sassafe suna hawowa daga kududdufin bayan gidaje, mangaloli cike da jar ƙasa, masu su na bin su da tsawa. A zube ƙasar a ƙofar gidan da za a fara, a zuba ruwa, a watsa busasshiyar ciyawa, mu samari mu naɗe wando mu shiga da ƙafa muna cuɗawa. A bar ta ta kwana biyu ko uku har ta yi wannan warin da duk wanda ya tashi a birni ya san shi, warin da ni har yau in na tuna sai in ji kamar ina da shekara goma sha bakwai. Ranar aiki kuwa sauti uku ne ke tashi tare: ɓat ɓat na curin ƙasa in magini ya maka shi a bango, ihun wanda aka jefa wa curi bai cafe ba ya same shi a ƙirji, da luguden mata daga cikin gida suna dakan fura. Gidan gwauruwa da na tsoho ake farawa, na masu ƙarfi ya zo daga baya, kuma ban taɓa jin wanda ya tsara haka ba. Haka muka tarar ana yi.

Gayyar ma da ƙafa ake yin ta. Mai gida, ko wanda ya tsaya masa, zai bi ƙofa ƙofa da goro a aljihu. Ya yi sallama, a fito, a gaisa tun daga kwana har gajiya har iyali har dabbobi, sai an kusa rabuwa sannan ya ce, kamar abin da ya tuna yanzu, jibi akwai ɗan aiki a gidana. Ba a rubuta sunan kowa, ba a kuma cewa a'a, domin mutumin da ya tako har zaurenka ya kalli idonka, da wane bakin za ka ce masa ba ka da hali? In kana da uzuri sai ka tura ƙaninka. Mahaifina ba ya rabo da cewa zumunta a ƙafa take, kuma takalminsa shaida ne, don ba ya shekara a ƙafarsa.

A irin wannan gayyar na yi abin kunyar da ya bi ni har tsufa. Na dawo hutu daga makarantar kwana, kaina cike da abin da malamin tsafta ya koya mana, ina ganin kowa a unguwa a cikin duhu yake sai ni. Aka yi gayya a gidan wani baduku maƙwabcinmu, mutum mai sanyin hali, wanda matarsa muke kira Gwaggo ko da yake ba ta girme ni da yawa ba. Na yi aiki ranar, wannan kam ba mai ƙwace mini. Na jefa curi har kafaɗata ta daina jin tawa ce. Da rana ta take aka fito da fura a babbar ƙwarya, nonon da matan Fulani suka shigo da shi da safe, ga ludayi uku suna yawo daga baki zuwa baki a tsakanin mutum wajen ashirin. Na ga wani tsoho mai jan haƙori ya sha ya miƙo mini, sai na janye hannu na ce na ƙoshi. Wani ya ce a bar ɗan boko, shi sai da cokali. Aka yi dariya, ni ma na yi, na ɗauka magana ta wuce.

Mahaifina, wanda yake wurin, ya bari sai da aka watse muka yi la'asar. Bai zage ni ba, bai ɗaga hannu ba. Ya ce in biyo shi, muka koma zauren badukun, ya yi sallama. Da mai gidan ya fito, sai mahaifina ya ce masa, "Yaron ga ne ya ce ƙishirwa ta taso mashi. Ko da sauran hura?" Aka kawo ragowar, ta yi ɗumi ta yi tsami, da ludayin nan dai na tsoho mai jan haƙori. Na shanye ta tas a gabansu, idona na kawo ruwa. A hanyar gida ya tsaya ya ce mini, "Ka ji ni da kyau. Wanda ya yi maka aiki ya ƙi cin abincinka bai taimake ka ba, hawa kanka ya yi. Hurar ga ita ke sa mai gida ya iya kallon idonka gobe." Ashe Gwaggo na bayan ƙofa tun da rana, ta ji duk abin da aka yi. Da bazara ta zagayo aka sake gayya a gidan, sai ga faifai an jero ludayi ashirin sababbi fil, kowa da nasa. Ba ta ce don ni ta saya ba, amma duk unguwa an sani, kuma daga ranar ba ta sake kirana da wani suna ba sai Ɗan boko.

To, shekaru suka yi ta tafiya. Na yi aikin ofis har na ajiye. Aka cike kududdufin aka jera shaguna a kansa, jakunan ban san inda suka shiga ba. Gidaje suka koma bulo da siminti ɗaya bayan ɗaya, har nawa, don ba zan yi ƙaryar cewa na tsaya a kan ƙasa ba. Wanda ya yi bulo kuwa ya fita daga layin yaɓe, ba ya bukatar kowa da bazara, kowa ma ba ya jiransa. Ban lura da ranar da aka yi gayyar ƙarshe ba. Ba wanda ya ce a daina, kawai dai wata shekara ta zo ba a yi ba, ta bayanta ma haka. Badukun ya rasu, 'ya'yan da suka haifa ba wanda ya rayu, Gwaggo ta rage ita kaɗai a gidan ƙasa ɗaya tilo a lungunmu, tsakanin benaye biyu, idonta ya yi rauni amma kunnenta da bakinta na nan yadda na san su.

Bangon gabas na ɗakinta shi ne ya lalace. Duk wanda ya zauna a gidan ƙasa ya san gabas ce ke shan dukan ruwa, ga kuma indararon benen maƙwabci da ke zubo masa daga sama. Ya zaizaye daga ƙasa, ya tsage daga sama, tsagar da na sa hannuna ya shige har wuyan hannu. Ɗan ƙaninta, wanda ke zaune can sababbin unguwanni a bayan gari, ya zo ya gani, ya ce ba zai bari ɗaki ya danne masa uwa ba: in hadarin farko ya taso bangon na haka, zai ɗauke ta, gidan kuma a sayar. Ban ga laifinsa ba. Ita kuwa ta ce a ɗakin nan aka kawo ta, daga cikinsa za a fitar da ita, in ya so ya zo da motar soja. Na san ta, na kuma san irin tsofaffin da ake cirewa daga gidajensu, ba sa daɗewa. Shi ya sa na ce ni zan tsaya.

Sai dai na tsaya ne irin tsayuwar mutumin ofis. Na sa aka yi sanarwa a masallaci bayan sallah, ɗana ya rubuta a wayar da 'yan unguwa ke haɗuwa a ciki, aka ce aikin sa kai ne, Asabar huɗu a jere, kowa da kowa ya fito. Wani direban tifa ya zubo mana ƙasa saboda Allah. Asabar ta farko lungu ya cika har na ji ƙwalla. Samari sun fi ashirin, wasu da shebur, wasu da bokiti, wasu da waya kawai suna ɗaukar hoto. Da yawansu ba su taɓa sa ƙafa a cikin kwaɓaɓɓiyar ƙasa ba, suna taka ta kamar masu tsoron ƙaya, amma suna yi suna dariya, kuma ɓat ɓat ɗin nan ya tashi a lungunmu bayan shekarun da ban ƙirga ba. Na zauna a kan kujera ina ba da umarni, ina jin kaina kamar sarkin magina.

Ana cikin haka matar maƙwabci ta ja ni gefe ta ce, "Malam, ka kau san Gwaggo ta sai da tunkiyarta? Ta sa an auno gero, an kawo nono, tun jiya muke daka." Tunkiyar nan ita ce kaɗai abin da Gwaggo ta mallaka mai numfashi, da ita take hira. Raina ya ɓaci, zuciyata ta karye, duka a lokaci ɗaya. Na ce a raina, yau tunkiya, Asabar mai zuwa sai tabarmar da take kwana a kai. Sai na tashi na bi samarin ɗaya bayan ɗaya ina raɗa musu cewa in an kawo fura kada wanda ya sha, tsohuwar ba ta da hali, in ta ga ba a sha ba ba za ta sake wahalar da kanta ba. Na aika aka sayo ruwan leda. Yaran kirki ne, suka bi maganata. Da rana ta take aka fito da ƙwaryar, ga faifai, ga ludayin nan ashirin, sun yi baƙi don tsufa amma an wanke su suna ƙyalli. Wannan ya ce alhamdu lillahi ya ƙoshi, wancan ya ce azumi yake. Ƙwaryar ta zauna a inuwar zaure har inuwar ta gushe ta bar ta a rana, sannan aka mayar da ita ciki yadda ta fito. Ina kallon ludayin nan da idona, wallahi ko sau ɗaya maganar mahaifina ba ta faɗo mini ba. Na koma gida ina ganin na yi dabara.

Asabar ta biyu mutum bakwai suka zo, muka tarar da ƙofa a rufe. Gwaggo ta aiko matar maƙwabci ta ce ba ta jin daɗi, a bari sai wani lokaci. Asabar ta uku mutum biyu, ƙofa kuma a rufe. Ƙasar da muka kwaɓa ta bushe ta zama dutse, bangon an cike masa ƙasa an bar tsagar sama tana hamma, ga iska ta fara juyowa daga gabas in yamma ta yi. Na yi fushi, kuma da samarin na yi shi. Na ce zan bi su in ji abin da ya hana su, ina shirye da wa'azin da zan yi wa kowa.

Wa'azin nan bai fita daga bakina ba, kuma daga nan ruɗewata ta fara. Mai tuƙa keke ya ce, "Baba, ranar da na yi wurinku, gidana ba a ɗora tukunya ba sai da maƙwabta suka taimaka. Wuni guda ya yi mani yawa." Malamin makarantar kuɗi ya ce su Asabar ma aiki suke, ranar farko ƙarya ya yi aka bar shi. Wani ya ce ya zo ya tsaya da shebur tun safe, ba wanda ya ce masa ga abin da zai yi, ya ji kansa kamar turken wawa a kasuwa, ya rantse ba zai sake ba. Wani ya sunkuyar da kai ya ce ya ji ana cewa wata ƙungiya ce ta ba da kuɗin aikin, manya suka raba, su aka bar su da gumi. Ni ne manyan ke nan, ni da ban ga ko goron wata ƙungiya ba. Wani ya nuna mini a wayarsa yadda yaron wani ɗan siyasa ya ɗauki hotunanmu ya yaɗa da sunan ubangidansa ne ya sa aka yi. Sauran kuwa ɗaurin aure ne da ta'aziyya, kuma a Katsina wace Asabar ce babu su? Sai wani tela, yaro mai kunya, da na tambaye shi ya ce, "Ai Baba ba wanda ya ce mani in zo. A waya na gani, na ɗauka da wasu ake."

Na rasa wanda zan kama. Kowane uzuri in na auna shi sai in ga gaskiya ne, amma in na haɗa su duka sai in ga ba su kai su hana a yaɓe bango ɗaya ba. Mu ma a da muna da ciki, muna da biki da mutuwa, muna da masu tsegumi. Ko dai mu lokaci ne ya yi mana yawa? Ko don kowa na da bangon ƙasa ne, ya san gobe shi za a yi wa, abin da muke kira zumunci ashe tsoron damina ne? Wannan tunanin bai yi mini daɗi ba, har yau kuma ban iya kore shi ba. Ina cikin wannan ne mai keken ya tsayar da ni a bakin titi ya ce, "Baba, ni fa na dawo Asabar ta biyu. An rufe mana ƙofa. Mun ɗauka tsohuwar ba ta so ne."

Na tafi wurinta da hantsi. Na same ta a bakin ɗakin, a kan tabarma, ga turken tunkiya babu komai. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya, har da jikar da aka haifa watan jiya, ba ta tsallake kowa ba. Na tambayi jiki, ta ce jiki da sauƙi. Na ce to Gwaggo, ga hadari na haramar tasowa, aiki kuma ya tsaya. Ta juyo da fuskarta inda muryata take.

"Ɗan boko," ta ce, "sau biyu ke nan."

Ban gane ba da farko. Sai na ɗaga kai na ga faifan a rataye a jikin bango da ludayin a kife, abin ya sauko mini gaba ɗaya, na ji kunya tun daga tafin ƙafata.

Na ce, "Gwaggo, tausayi ne. Na ji kin sai da tunkiya."

"Tunkiyar taka ce?"

Na ce a'a.

"To don mi na yi kiwonta, in ba don rana irin wagga ba? Na ji kana bin su kana raɗa. Ido ne ya tahi, kunne shina nan. Wancan karon yaro ne kai, na ce ƙuruciya. Wanga karon da hurhura a kanka ka hana mutum ashirin shan hurata. Awakin maƙwabta na ba. Na wanke ludayi ashirin, ba wanda ya taɓa baki." Ta gyara zama ta ce, "Ni ba a yi mani sadaka da gumi. Gara bangon ga ya hwaɗo mani da in kwana ɗakin da aka yaɓe don ana jin tausaina. In yaran ga sun ishe ni a hanya, da wane ido zan dube su?"

Na so in ce zamani ya sake, yanzu aikin sa kai ba a ciyarwa, amma na ji maganar ba ta da ƙafar da za ta tsaya a gabanta. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hangen na samari har mako uku. Sai na ce, "Gwaggo, ƙishirwa ta taso mani. Ko da sauran hura?"

Na ga gefen bakinta ya motsa. Ta ce, "Babu. Ka zo Asabar. Sauran geron shina nan."

Na sayi goro na bi ƙofa ƙofa, da gwiwar nan tawa da ba ta son tsallake kwata. Kwana uku na yi ina yi. Na gaisa da kowa yadda mahaifina ke yi, na ce Asabar akwai ɗan aiki a gidan Gwaggo, daga asuba zuwa hantsi kawai, kowa ya kama gabansa, kuma duk wanda ya zo zai sha fura. Na shiga zaure ya fi ashirin, kowa ya karɓi goro ya ce in sha Allahu. Na koma gida na gaya wa matar maƙwabci a dama ta mutum ashirin, don na ɗauka na gano maganin abin.

Mutum uku suka zo. Mai keke, da telan, da malamin makaranta wanda ya ce ƙarfe tara zai gudu. Da ni huɗu. Na tsaya ina duban bakin lungu har rana ta fito sosai, ba wanda ya ƙaru. Kada a tambaye ni dalili, ban sani ba, goron ma na gaske na raba. Muka farfasa busasshiyar ƙasar muka jiƙa, ni ma na naɗe wando na shiga. Telan ashe hannunsa ya iya, ya hau tsani, mai keke na jefa masa curi. Da hantsi ya yi sai ga ƙwarya, mata biyu ne suka ɗauko ta, ga faifai da ludayi ashirin.

Muka dubi ƙwaryar, muka dubi juna. Na ce musu, "Yarana, ban taɓa roƙonku komai da girmana ba. Ƙwaryar ga ba za ta koma da ko ɗigo ba." Muka zauna muka sa ludayi. Furar ta yi daɗi, ta ji kayan yaji da nono mai kyau, ludayi goman farko da marmari muka sha su. Daga nan aka shiga aiki. Malamin makaranta ya kwance bel. Telan ya tashi ya zaga ya dawo. Mai keke na sha yana nishi, ya ce, "Baba, wallahi wannan ya fi yaɓen wuya." Na ce ya sha, lada ne. Ni kaina na kai inda nake jin furar a maƙogwaro, ina tuna tsohon nan mai jan haƙori, ina dariya ina haɗiya. Sai da muka ga gindin ƙwarya, telan ya kankare ta da ludayi don ƙarar ta shiga ciki. Bayan nan ba wanda ya iya hawa tsani, muka jingina da bango kamar buhuna.

Gwaggo ta fito tana dafa bango, ta sa hannu cikin ƙwaryar ta shafa ta ko'ina. Ta ce, "Madalla. Allah shi yi maku albarka, ku mutum ashirin masu takalmi huɗu a zaure." Sannan ta ce da telan gobe ya zo da wuri, ta ji hannunsa a bango, ya fi na Ɗan boko lokacin da yake yaro.

Safiya biyar muka ƙara, mu huɗun nan, daga asuba zuwa hantsi, kullum da 'yar ƙwaryar da ta yi daidai da cikinmu. Muka rufe tsagar, muka shafe bangon, maƙwabcin ma da kunya ta kama shi ya juya indararonsa. Ruwan farko ya zo da iska mai ƙarfi, na fita da laima na tsaya a lungu ina kallon bangon yana shan duka, ko gezau bai yi ba. Ɗan ƙaninta ya zo washegari, ya ƙwanƙwasa shi da hannu sama da ƙasa, ya shiga ya gaishe ta, ya tafi bai ta da maganar ɗauka ba. Tana ɗakinta har yanzu da nake wannan rubutu.

Amma ni ban huta ba. In na ce samari sun lalace, sai in tuna mai keken da ya bar neman abincinsa safiya shida. In na ce gayya da ƙafa ce magani, sai in tuna zaurukan da na shiga aka ci goro ba a zo ba. In na ce mu na da mun fi su sanin ya kamata, sai in tuna wanda ya bi su yana raɗa. Bango kuma na ƙasa ne, baɗi zai sake neman hannu.

Bayan damina ta yi nisa, matar maƙwabci ta yi sallama a gidana da ƙunshi a tsumma. Na kwance, sai ga ludayi goma sha shida. Ta ce Gwaggo ta ce huɗu sun ishe ta, waɗannan in ajiye a wurina, ko Allah zai sa in samo masu su kafin bazara. Na rataye su a zaure, inda duk mai shigowa zai gani. Baƙi kan tambaye ni ko sayarwa nake, sai in ce a'a, jira suke.